Dutsen da Ke Raba Haske Gida Biyu

A shekarar 1669 wani malamin jami'ar Kofenhegen ta ƙasar Denmak, Rasmus Bartholin, ya fitar da ɗan littafi a kan wani dutse da jiragen ruwa suka kawo daga tsibirin Aisland. Dutsen garau yake, ana hango abin da ke bayansa tar. Amma da an ɗora shi a kan rubutu, sai kowane harafi ya zama biyu. In aka juya shi a hankali a kan takardar, harafi ɗaya yana nan daram inda yake, ɗayan kuwa sai ya shiga zagaya ɗan'uwansa.

Abin ya ɗaure wa Bartholin kai, domin a lokacin masana sun ɗauka sun gama gane yadda haske ke karkacewa idan ya bar iska ya shiga ruwa ko gilashi. Ibn Sahl ya rubuta ƙa'idar a Bagadaza tun wajen shekarar 984, Willebrord Snell na Holan kuma ya sake gano ta a 1621. Sai ga dutse ya karɓi haske ɗaya ya mayar da shi biyu, ɗaya yana bin ƙa'idar sau da ƙafa, ɗayan ya yi mata tawaye. Bartholin ya auna, ya zana, ya kira na farkon haske na al'ada, na biyun kuma wanda ya saɓa al'ada. Da waɗannan sunaye ake kiransu har yau. Dalilin rabuwar ne bai samu ba, kuma sai da aka shafe fiye da shekara 150 kafin a same shi.

Dutsen nan sunansa kalsayit, kuma ba baƙo ba ne a ko'ina. Shi ne jigon dutsen da ake fasawa a Ashaka da Kalambaina da Malbaza ana yin siminti, shi ne kuma ke cikin ɓawon ƙwai. Bambancin kawai shi ne a irin waɗannan wurare ƙwayoyinsa ƙanana ne, a cakuɗe, kowace ta fuskanci inda ta ga dama. A wata gona mai suna Helgustadir a gabashin Aisland kuwa, an same shi manya-manya, kowane guda kiristal ɗaya ne tsantsa, wato dutsen da ƙwayoyin zarrarsa suka jeru bisa tsari ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan. In aka buge shi ba ya farfashewa barkatai. Yana tsagewa ne zuwa 'yan dunƙule masu fuska 6 da suka karkace, kusurwoyin kowace fuska kusan digiri 102 da 78, komai ƙanƙantar gutsuren.

Sirrin yana ga wani layi da ido ba ya gani. Cikin kusurwoyi 8 na dunƙulen, akwai 2 da suka fi sauran dakushewa, suna fuskantar juna. Idan ma'aikaci ya yanke waɗannan kusurwoyi ya goge wurin sumul, ya leƙa ta nan, rubutun ba ya rabuwa. Harafi ɗaya ne rak. Da ya ɗan karkata, sai tagwayen su dawo. A duk faɗin dutsen, fuska ɗaya ce tak haske ke bi ya fita lafiya bai rabu ba. Wannan fuska ita masana ke kira aksis na haske, dutsen da ke da irinta guda ɗaya kuma su ce masa yuniyaksiyal, wato mai aksis ɗaya.

Duk wanda ya taɓa ganin mace tana kaɗi ya san aksis ko bai san sunansa ba. Mazari yana juyi a kan tsinkensa, ta kowane gefe aka tsaya aka dube shi kamarsa ɗaya ce, amma kallonsa daga sama ya sha bamban da kallonsa daga gefe. Haka abu mai aksis ɗaya yake: zagaye da layin komai daidai, amma bin layin daban, ƙetare shi daban. Sai dai a cikin kiristal ba wani tsinke guda ba ne a tsakiya da za a iya tonowa. Alƙibla ce. Ko an daddatsa dutsen gida dubu, kowane gutsure yana ɗauke da ita.

Christiaan Huygens na Holan ya yi nisa a kan matsalar. A littafinsa na 1690 ya ce haske yana bazuwa ne kamar igiyar ruwa, kuma a cikin kalsayit igiyoyin iri biyu ne, ɗaya tana tafiya da sauri ɗaya ta kowace fuska, ɗayar kuwa saurinta ya danganta da inda ta nufa. Lissafinsa ya yi daidai da awo. Amma da ya ɗora dutse a kan dutse yana juya na saman, sai ya ga hotuna wani lokaci 4, wani lokaci 2, bai kuwa ɓoye ba cewa nan ilminsa ya tsaya. A 1808 wani injiniyan sojan Faransa, Étienne-Louis Malus, yana gidansa a Faris ya ɗaga kalsayit ya dubi hasken faɗuwar rana da ke walƙiya a tagogin fadar Luksambur. Yana juya dutsen, hotunan biyu suna dushewa bi da bi. Ashe hasken da ya dawo daga gilashi ma ya riga ya sami irin halin da dutsen ke ba shi. A 1821 Augustin Fresnel ya ɗaure zancen: haske yana tafiya gaba ne, amma kaɗawarsa ta gefe ce, a gicciye da hanyarsa. Hasken rana yana kaɗawa ta kowane gefe a cakuɗe. Kalsayit yana tace shi zuwa kaɗawa iri biyu masu gicciye da juna, ya ba kowace nata saurin.

Da Lawrence Bragg ya haska kalsayit da hasken eksire a 1914, sai aka ga dalilin ƙuru-ƙuru. Kowace zarrar kabon tana zaune tsakanin zarrar oksijin 3, sun yi shimfiɗe, kuma duk waɗannan rukunoni suna kwance hawa-hawa, aksis ɗin ya ratsa su a tsaye. Hasken da ke kaɗawa a cikin shimfiɗar yana shan jinkiri sosai, saurinsa yana sauka daga kilomita 300,000 a daƙiƙa zuwa kusan 181,000. Wanda ke kaɗawa a tsaye, bisa aksis, yana yin kusan 202,000. Wannan tazara ce ke raba hanyarsu da kusan digiri 6 a cikin dutsen. Hasken da ya bi aksis kuwa, ko ta ina ya kaɗa a cikin shimfiɗar yake, don haka saurinsa ɗaya, hotonsa ɗaya.

Da a ce duk duwatsu masu raba haske haka suke, da ba a buƙaci wani suna ba. David Brewster na Sukotland ne, wajen 1818, bayan ya gwada ma'adinai masu ɗimbin yawa, ya nuna cewa wasu suna da irin wannan alƙibla har biyu, kuma rabon yana bin siffar kiristal ɗin ne. Daga nan ma'adinai masu barin haske ya wuce suka kasu gida 3. Akwai waɗanda ba ruwansu da alƙibla, kamar gishiri da daimon, ta ko'ina haske ya shiga saurinsa ɗaya. Akwai masu aksis biyu, su ne suka fi yawa, irin su tofaz da maika da felsfa. A tsakiya sai masu aksis ɗaya: kalsayit, kwaz, yaƙutu, safaya, zumurrudu, tomalin, zakon, har da ƙanƙarar ruwa. Kuzar da aka yi ta haƙa a tudun Jos tun farkon ƙarni na 20 ita ma cikinsu take. Ƙarfin rabawar ne ya bambanta. Na kalsayit ya kai 0.172 a ma'aunin masana, na kwaz 0.009 ne kacal, shi ya sa ba a ganin tagwayen rubutu da shi da ido.

Kalmar yuniyaksiyal ba ta tsaya a kan duwatsu ba. Ɗalibin likitanci yana haɗuwa da ita a darasin gaɓoɓi: gaɓar da ke naɗe hannu a gwiwar hannu da gaɓoɓin tsakiyar yatsu masu aksis ɗaya ne, naɗewa da miƙewa kawai suka sani, saɓanin kafaɗa da ke juyawa ta ko'ina. Injiniya kuma yana nufin matsi ko ja ta fuska ɗaya, kamar lokacin da ake zuba kankare a mazubi mai tsawon milimita 150 ta kowane gefe, a jira kwana 28, a sa shi a inji a danne daga sama har ya fashe don a san ƙarfinsa. Ma'anar dai ɗaya ce, amma a fagen haske ne kalmar ta yi aikin da ya fi girma.

Aikin ya fara ne da wani malami a Edinbura, William Nicol. A 1828 ya yanka kalsayit a karkace gida biyu, ya sake manne su da wani ƙaro mai haske da ake samu daga itatuwan Kanada. Hasken al'ada in ya iso kan ƙaron sai ya karkace ya fita ta gefe, ɗayan kuwa ya wuce abinsa. Abin da ke fitowa tacaccen haske ne mai kaɗawa ta fuska ɗaya. In aka jera irin wannan matata biyu a gicciye, duhu ne ɗungurungum. In kuma aka sa wani abu a tsakaninsu da ke iya murɗa haske ko raba shi, sai haske ya ɓullo, sau da yawa da launuka masu ƙayatarwa.

Da wannan 'yar dabara aka buɗe ƙofofi da yawa. Masu matatar sukari suka riƙa auna yawan sukari a ruwan rake, domin ruwan sukari yana murɗa tacaccen haske gwargwadon kaurinsa, hukumomin kwastan ma suka ɗauki na'urar don yanke haraji. Louis Pasteur da irin wannan na'ura ya gano a 1848 cewa wasu sinadarai suna zuwa iri biyu, na dama da na hagu. Masana duwatsu kuwa, bisa tafarkin Henry Sorby na Shefil a Ingila, suka koyi goge dutse har ya koma kauri milimita 0.03, haske ya iya ratsa shi, su sa a maikiroskof tsakanin matatu biyu. Har gobe wannan darasi ne na dole ga ɗalibin ilmin ƙasa da ma'adinai, a Zariya yake karatu ko a Jos. A irin wannan siririn yanki kwaz da felsfa duka farare ne, suna iya rikita sabon shiga. Amma in ya sami ƙwayar da aksis ɗinta ke kallonsa, ya tattara haske a kanta, kwaz zai nuna masa baƙin gicciye da ba ya rabuwa komai juya shi. Mai aksis biyu kuwa, da an juya, gicciyen sai ya tsage ya zama baka biyu. Cikin minti ɗaya gardama ta ƙare.

Duk wannan ilmi a kan rami ɗaya ya rataya. Kusan duk kalsayit mai tsabtar da ta isa a yi matata daga Helgustadir yake fitowa, kuma zuwa ƙarshen ƙarni na 19 masu ƙera na'urori a Turai suna ta kukan ƙarancinsa da tsadarsa. Wanda ya sauke wa dutsen nauyi shi ne Edwin Land na Amurka, wanda ya kafa kamfanin Polaroid a 1937. Dabararsa sauƙi gare ta: a ja ledar roba ta fuska ɗaya har dogayen ƙwayoyinta su miƙe su jeru, sannan a rina ta da aidin. Wato ya ƙirƙiri aksis ɗaya da hannunsa. Irin wannan leda ce a jikin tabarau mai kashe ƙyallin kwalta da na ruwa.

A kasuwar duwatsu masu daraja aksis kuɗi ne tsagwaronsa. A gaban kambin sarautar Ingila akwai wani jan dutse mai nauyin kusan karat 170, wanda aka yi ɗaruruwan shekaru ana kira yaƙutu. Ba yaƙutu ba ne, sifinel ne. Ido ba ya raba su cikin sauƙi, amma sifinel ba ya raba haske, yaƙutu kuwa mai aksis ɗaya ne. Akwai wata 'yar na'ura da ba ta kai tsawon yatsa ba, gutsuren kalsayit ne a cikin bututu, wadda ke ajiye hasken biyu gefe da gefe. Yaƙutu zai nuna ja iri biyu, ɗaya mai sirkin shunayya, ɗaya mai sirkin ruwan lemo. Safaya shuɗiya za ta nuna shuɗi tsantsa da shuɗi mai sirkin kore. Gilashi da sifinel launi ɗaya za su nuna komai juyi. Mai yankan dutse ma da aksis yake shawara kafin ya fara yanka: yaƙutu ana son fuskarsa ta kalli aksis don jan ya fito sosai, tomalin mai duhu kuwa ana kauce wa aksis, domin ta nan wani lokaci baƙi ƙirin yake.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye, tunda ana haƙar safaya a tsaunin Mambila a Taraba, ana kuma samun tomalin da zumurrudu a yankunan Nasarawa da Kaduna. Mutumin da ya wuni a rami ya fito da ɗan shuɗin dutse, in bai san abin da ke hannunsa ba, duk farashin da dillali ya faɗa shi ne farashi. Ilmin da ake buƙata a nan bai kai na jami'a ba, kayan aikin ma aljihu yana ɗauka, kuma abin takaici ne a ce bai isa bakin rami ba. Amma a yi hattara, gwajin yana da iyaka. Tun 1902 da Auguste Verneuil ya bayyana yadda ake narka garin alumina a yi yaƙutu a ɗakin gwaji, na ƙirar ma aksis ɗaya gare shi, launi biyu yake nunawa kamar na ƙasa. Gwajin yana kama gilashi da sifinel, ba ya kama wannan. Shi sai an duba cikinsa da madubi mai ƙara girma.

Tun kafin a yi ɗan'adam akwai halittar da ta ci moriyar aksis ɗin kalsayit. Tirailobait wasu ƙwarin teku ne masu sulke da suka ƙare kimanin shekara miliyan 252 da suka wuce, ana tono burbushinsu da yawa a kudancin Maroko. Idanunsu da kalsayit aka gina su, wasu da ɗaruruwan ƙananan madubai a ido ɗaya. Ido na dutsen da ke raba hoto biyu ya kamata a ce ya zama fitina ga mai shi. Da masana suka duba, sai suka tarar aksis ɗin kowane madubi yana fuskantar inda haske ke shigowa, wato ta hanya ɗaya tilo da hoto ba ya rabuwa. Akwai kuma hasashen da wani masanin kayan tarihi ɗan Denmak, Thorkild Ramskou, ya kawo a 1967, cewa matuƙan jiragen Baikin, mutanen arewacin Turai na dā, suna amfani da duwatsu irin kalsayit su gano inda rana take a ranar hadari. An sami kalsayit a tarkacen wani jirgin Ingila da ya nitse kusa da tsibirin Aldani a 1592, amma wannan ɗaruruwan shekaru ne bayan zamanin Baikin, don haka zancen yana nan a matsayin hasashe.

Abin da ya fi kusa da kowa shi ne fuskar kalkuleta, da agogon lamba, da mitar lantarki, da na'urar POS, da yawancin kwamfutoci da talabijin na bango. Tushensu yana komawa 1888, lokacin da wani masanin tsirrai a Firag, Friedrich Reinitzer, ya lura cewa wani sinadari da ya samo daga kolestarol yana narkewa sau biyu: a wajen digiri 145 ya zama ruwa mai gurɓi, a wajen 179 ya washe garau. Tsakanin nan da can ruwa ne, yana kwarara, amma yana raba haske kamar kiristal. Dalili kuwa ƙwayoyin irin waɗannan sinadarai dogaye ne sirara, ko suna yawo sukan fuskanci alƙibla ɗaya. Ruwa ne mai aksis, kuma saɓanin na dutse, ana iya juya aksis ɗin da 'yar wutar batir.

Shekara 82 aka yi kafin a ci cikakkiyar ribar wannan. A Disamban 1970 Martin Schadt da Wolfgang Helfrich, ma'aikatan kamfanin Roche a Bazel ta Suwizalan, suka yi rajistar tsarin da ya yaɗu a duniya. Ana zuba ruwan tsakanin gilasai biyu da aka goge cikinsu ta fuskoki masu gicciye, sai aksis ɗin ya murɗe digiri 90 daga gilashin baya zuwa na gaba. A waje kuma a manna ledar tace haske biyu, su ma a gicciye. In babu wuta, haske yana bin murɗar ya sulale ta leda ta biyu, wurin ya yi fari. In aka kunna wuta a wani yanki, ƙwayoyin su miƙe tsaye, murɗar ta warware, hasken ya bi aksis bai juya ba, leda ta biyu ta tare shi, yankin ya yi baƙi. Kowace lamba a fuskar kalkuleta 'yan sanduna 7 ne da ake kunnawa ana kashewa ta haka. A talabijin kuwa ɗigogi ne miliyoyi, kowane da matatar launinsa, ja ko kore ko shuɗi.

Mai tabarau irin na Polaroid zai iya gwadawa da kansa: ya dubi fuskar kalkuleta ta cikinsa yana juya ta a hankali, akwai inda za ta yi duhu gaba ɗaya. Zafin bazara ma yana yin nasa gwajin. Kalkuletar da aka manta a gaban mota a rufe da tsakar rana takan koma baƙa duka, domin zafi ya kai ƙwayoyin ruwan inda Reinitzer ya ga nasa ya washe, sun watse kowace ta kama gabanta, aksis ya ɓace. In ba ta daɗe tana gasuwa ba, a kai ta inuwa ta huce, ƙwayoyin su sake jeruwa, lambobin su dawo.